Kalmomin da Yayan Mijina Ya Kawo Daga Bama

Yayan mijina ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi kafin azahar. Allah ya jiƙansa. Na fara da addu'a ne don kada wanda ya karanta abin da ke ƙasa ya ce ban yi ba.

Kwana uku ina bakin murhu ina jin masu gaisuwa, don katangar da ke tsakanin madafa da zaure gajera ce. Mazan Gwandu abu ɗaya suka yabe shi da shi, kowa ya shigo shi yake maimaitawa: "Kofur bai taɓa barin ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa ba." Wani tsohon soja daga Dalijan, wanda suka yi yaƙin Bama tare, ya ƙame a ƙofar zaure ya sara wa tabarmar da babu kowa a kanta, sannan ya zauna ya ci malmala huɗu. Matan Maruda, dangin matarsa, sun yi kuka daidai gwargwado, suka share ido suka tambayi inda ake ajiye gishiri. Kawuna ya zo daga Kalgo bisa jaki. Da ya zauna ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Aka ce, "Amin, Allah ya jiƙan Kofur." Ya sake cewa, "Allah ya jiƙan musulmi."

Matar marigayin, faccalata, ita ke kwasar tuwon baƙi. Mara na hannunta, tana cika akushi tana waiwayen ƙofa. Shekara goma sha biyu, tun dawowarsa daga yaƙi, ba ta taɓa kwasar tuwo babu mutum tsaye a kanta ba.

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya same ni ina wanke tukunya. Ya ce, "Inna ƙarama, ke kaɗai ke da boko cikin gidan ga. Rubuta wani abu bisa Baba, kada a mance da shi."

Na ce, "Duka?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Abin da kinka gani."

To, abin da na gani nake rubutawa. Kuma yawancinsa a kan ɗiyata ne, da inda take tsayawa in ana cin abinci.

Ni mutuniyar Kalgo ce, aure ya kawo ni Gwandu. Mijina ya rasu shekarar sanƙarau, ɗiyata tana da shekara uku. Da na gama takaba kawuna ya zo ɗaukata. Yaya, haka nake kiran marigayin, ya ce, "Ga hanya nan. Amma ɗiyar ƙanena ba ta ƙetare zauren ga." Na koma ɗaki na kwance ƙullin kayana. Tun ran nan daka da wankin tukwane suka zama nawa.

Dogo ne, ba ya ɗaga murya, ba ya fashin salla. Daga Bama ya dawo da bargo, da ɗamarar fata ta soja, da kalmomin Jafananci. Bayan Jafanawa sun ajiye makamai an tara su cikin waya, aka sa shi cikin masu gadi. Aikinsa safe da maraice shi ne ya sa a ɗauki gangar da sojoji ke juye sauran abinci a kai bayan bariki a zubar. Hanyar kuwa ta bi ta jikin wayar. Wannan labari shi ne tatsuniyar gidanmu. In ya ji daɗi sai ya tara yara.

"Ku ga manyan mutane, wasu hafsoshi ne, sun jeru da gwangwani. In ce, mi za ku ce? Su duƙa su faɗi. In ce, ban jiya ba! Su ƙara duƙawa. Wata rana in zuba musu. Wata rana in tuntsurar da ganga cikin laka, in tsaya in ga wa zai fara durƙusawa."

Sai ya yi dariya har ya share hawaye. Yara su yi dariya, don in ba ka yi ba yana lura.

Da kalmomin nan ya raba abincin gidanmu gida uku. Amari shi ne rara, abin da ya wuce buƙata kuma hannu bai taɓa ba. Shi yana cikin rumbun tsimi, wanda shi kaɗai ke hawa. Nokori shi ne kingi, abin da masu ci suka rage a ƙwarya. Zamfan shi ne suɗin da aka haɗa wuri ɗaya, na awaki. Akwai ta huɗu, kudasai, ita ce ta roƙo.

Ko'ina aka sani 'yan mata ƙwarya ɗaya suke ci, samari ƙwarya ɗaya. Ɗiyata tana ci da ɗiyansa mata uku, har ranar da ta jefa wa wata kaza mai 'ya'ya loma ɗaya. Shekararta huɗu. Yana tsaye ya gani. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya kamar ɗan akuya, ya dire ta jikin bango.

Ya ce, "Wanda ke da na ba kaza ya ƙoshi. Daga yau nan ne wurinki. In sun gama ki roƙa."

Ya koya mata tsayuwar: ƙafafu haɗe, hannuwa a cinya, a ranƙwafa daga ƙugu. Nokori kudasai. Harshenta bai nuna ba, tana cewa "kokoli," samarin gida suna faɗuwa don dariya. Ya ce, "Ban jiya ba." Sau tara ta faɗa ran nan. Ina tsaye da muciya a hannu ina kallo. Na ɗauka fushin kwana biyu ne.

Bai sake kiranta da sunanta ba. Nokori zo, Nokori tahi. Yara suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, har mai tallan nono. Wata ma ta ce mini sunan da daɗi, kamar na Fulani. Ni kuwa ɗiyar fari ce a wurina, ba na faɗar sunanta, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan." Ubanta da ke kiran sunan yana ƙasa. Sai ya zama a duk gidan babu bakin da sunan ke fitowa.

Yanzu zan faɗi alherinsa, don yana da shi, kuma da shi nake riƙe da fensirin nan. Lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu, mazaje da yawa sun hana. Shi da kansa ya kira ni zaure ya ce, "Ɗiyar Kalgo, gobe ki tahi." Ya sayo mini littafin rubutu da fensir biyu, ya fiƙe su da wuƙarsa. In an yi mini gori a rijiya, shi ke aika wa mijin mai gorin. Wata shida ina zuwa ban san dalilinsa ba. Ranar da ya ga na rubuta sunan garinmu babu kuskure, ya ce in ɗauko littafi in same shi gindin durumi bayan an sauko Juma'a.

Ashe mantuwa ce ke cinsa. Ya ce da kalma arba'in ya dawo, yanzu ya ƙirga ba su kai goma ba. Yana so a ɗaure su a takarda tun ba su gudu duka ba. Duk Juma'a sai in zauna nesa kaɗan, ya faɗa, in rubuta, in maimaita, ya gyara mini baki. Malami ne mai haƙuri, abin mamaki. Bai taɓa tsawata mini a gindin durumin nan ba. In na faɗa daidai ya ce, "Madalla, kanki ya fi na samarin gidan ga." Ina jin daɗin yabon, Allah ya yafe mini. A nan na rubuta nokori da hannuna, ya ce in sa ma'anarta a gefe. Na rubuta: kingi. Ya leƙa ya ce harafin ya yi kyau.

Wata Juma'a na tambaye shi wa ya koya masa. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce wani ne cikin Jafanawan, mai gilashin da aka ɗaure da zare. In an zuba musu, shi ke raba wa mutanensa da tsinke, daidai wa daida, ya ci na ƙarshe. In ƙwayar shinkafa ta faɗi ya tsince ta ya hure. Shi ke nuna abu da yatsa ya faɗi sunansa, Yaya ya maimaita, su yi dariya tare ta cikin waya.

"Rannan ya ƙi duƙawa. Ban san abin da ya shige shi ba. Ya miƙo gwangwani haka nan, kamar ni da shi abokai ne. Na kifar da ganga. Kwana uku ina kifarwa, shi da mutanensa duka. Ran na huɗu ban gane shi cikin layi ba."

Na ce, "Ya mutu?"

Ya ce, "Da ma zawo yake yi." Ya miƙe ya kaɗe riga. "Rufe littafin."

Da maraicen nan ya sa ɗiyata ta faɗi kalmar sau biyar.

Sai shekarar da gero ya ƙi. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi, dawa ma ba ta yi ba. Gari ya koma cin tafasa da rogon da ake kawowa daga kudu. Yaya ya rage awo. Ba laifi, kowa ya rage. Amma wanda bai ƙoshi ba ba ya rage kingi. Ɗiyansa mata ba mugaye ba ne, yunwa ce, suna suɗe ƙwarya har ta yi ƙyalli. Ɗiyata ta duƙa ta faɗi kalmarta, a miƙo mata ƙwarya wayam. Nawa rabon da nake ɓoye mata a zane ya gane, ya ce daga yau a gabansa zan ci. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka fara kumbura. Shekararta bakwai, amma goyo nake yi mata zuwa bayan gida.

Na aika wa kawuna. Ya ɗoro damin dawa ɗaya da ƙullin busasshen kifi a jaki, kwana biyu yana hanya. Yaya ya tarbe shi a zaure, ya shimfiɗa masa buzu, ya yi godiya har da addu'a. Kawuna ya ce, "Na yarinya ne." Yaya ya ce, "Ai yarinya tamu ce." Ƙurar jakin ba ta kwanta ba ya kafa tsani ya jefa damin cikin rumbun tsimi. Kifin ya rataye a ɗakinsa. Ya ce abin da ya shigo bayan an yi awo amari ne.

Ran nan ne muka yi faɗanmu, in faɗa ne. Na same shi gindin rumbu. Na haɗa ƙafafu, na sa hannuwa a cinya, na ranƙwafa kamar yadda na ga ɗiyata na yi shekara uku. Na ce, "Amari kudasai." Bakina bai yi kuskure ba, shi ya koya mini.

Ya zagaya ni yana dubawa. Ya ce, "Bayanki ya lanƙwashe. Miƙe shi." Na miƙe shi. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara faɗa.

Ya ce, "Kin iya. Amma amari ba na mai roƙo ba ne. Da ana ba mai roƙo da bai zama amari ba."

Na ce, "Yaya, jinin ƙanenka ce."

"Shi ya sa ban kore ta ba."

Na ce, "In ta mutu, mi za ka ce wa ubanta?"

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya ce, "In ta mutu kin huta, ki koma Kalgo ki yi aure." Ya sauke tsani ya kai ɗakinsa.

Faccalata tana bayan zana, ta ji duka. Mace ce da ba ta da baki, ko atishawa a hankali take yi. Da maraice ta tuƙa tuwo, ta kwashe na sama, na ga ta ƙara kara a murhu maimakon ta janye wuta. Ƙauri ya cika gida. Kowa ya san ƙanzo na mai wankin tukunya ne, tun kakanni, ba a ƙirga shi cikin abinci. Mai wankin tukunya kuwa ni ce. Da na zuba ruwa na kankare, ƙanzon ya yi kaurin tafin hannu. Na jiƙa shi a ɗaki, na dama, na ba yarinyar da cokalin duma.

Yaya ya ji ƙauri a tuwonsa. Ya kira matarsa, ya kwance ɗamarar soja. Bulala uku, don ɓarnar hatsi. Ba ta yi kuka ba, sai da ta fito ta jingina da bango.

Kashegari na riƙe mata hannu a bakin murhu na ce ta bari. Ta ce, "Ƙanwata, ido ne ya fara ba ni wahala, ba na ganin wuta da kyau." Ta ƙara kara.

Ba kullum ba. Kwana biyu, kwana uku, sai tuwo ya kama. Duk ranar da ya kama, bulala uku. Haka muka yi har sabon gero ya shigo. Kumburin ya saɓe, yarinya ta tashi da ƙafarta. Na taɓa yi wa faccalata gashin baya da ruwan zafi, na ga shatar ɗamara bisa shata, kamar saƙar faifai. Ba mu taɓa maganar ba, ni da ita, har yau. Muna ganin mun yi masa wayo.

Bara da kaka abinci ya fara ƙin wuce masa. Tun yana haɗiyar tuwo da ruwa, ya koma kunu, kunun ma ya koma dawowa. Amma bai yarda a daina kai masa akushi ba, kuma bai yarda kowa ya taɓa abin da ya rage ba sai ita. Ta tsaya ƙofar ɗakinsa ta duƙa ta faɗa, ya tura mata akushi da ƙafa. Akushin cike yake. A wata ukun da ya yi yana jinya ɗiyata ta yi kumatu, karo na farko a rayuwarta.

Saura kwana biyu ya cika, da hantsi, ya ce a kira ni da littafi. Faccalata na zaune tana yi masa fifita. Ya rame har ɗamarar da ke rataye a bango za ta zagaye shi sau biyu. Na zaci gafara zai nema, har na shirya abin da zan ce.

Ya ce, "Akwai guda da ban ba ki ba. Rubuta. Okoge."

Na rubuta. Na ce, "Mi ke nan?"

Ya ce, "Ƙanzo."

Mahucin ya tsaya a hannun faccalata.

Ya ce, "Mai gilashi ya fi son shi da komi. Shi yake roƙo in kankaro mai daga gindin tukunya." Ya huta, numfashi na yi masa wuya. Sannan ya dubi matarsa. "Shekara ashirin kina tuƙa mini tuwo bai taɓa kamawa ba. Kin aza ni wawa ne?"

Ta ce, a hankali, "To, Malam, dukan fa?"

Ya ce, "An ɓata hatsi." Ya juya fuska bango.

Na yi ta juya wannan magana ina daka, ina wanki. Ya sani tun ranar farko. Da ya so, kalma ɗaya zai faɗa ƙanzon ya koma na awaki, da yau ba ni da ɗiya. Bai faɗa ba. Da ya so kuma, da ya kafa tsani ya sauko da dami ɗaya, bayan matarsa ya huta. Bai kafa ba. Ban san wanne zan ɗora a kan wanne ba. Malamai sun ce akwai mizani a can, na bar wa mai shi.

Da liman ya tambaya ko akwai mai haƙƙi a kansa, an leƙo cikin gida an tambaye mu. Faccalata ta ce ta yafe. Na ce na yafe nawa. Ba a tambayi yarinya ba.

Ranar sadakar bakwai babban ɗansa ya kafa tsani ya buɗe rumbun tsimi. Hatsi lafiya lau, ko ƙwaro babu, marigayin ya iya ajiya. Damin kawuna na nan da igiyarsa ta kaba irin ta Kalgo. Shi na ce a sussuka. Ni na daka, faccalata ta tuƙa, bai kama ba. Ta cika ƙwaryar 'yan mata har tana zuba, ta sa man shanu.

Suka zauna su uku, suka matsa suka bar gurbi. Ɗiyata, shekararta goma sha ɗaya, ta je jikin bango ta haɗa ƙafafu.

Faccalata ta ce, "Zo ki zauna, ɗiyata. Babu kowa."

Ta ce, "Ba su gama ba."

Tsakar gida cike da mata, na Maruda da na unguwa. Na ajiye kunya. Na buɗe baki na kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata ranar suna, da ƙarfi, har matan suka dube ni suna riƙe haɓa. Ba ta waiwayo ba. Na sake kira. Tana kallon ƙwarya, hannuwa a cinya.

Sai ƙaramar ɗiyar marigayin ta taɓa ta ta ce, "Nokori, Inna na kiranki."

Ta waiwayo.

Ɗana, ka ce in rubuta don kada a manta da Baba. Kwantar da hankalinka, ba za a manta ba. Allah ya yi masa rahama, ya sa can kada a ce masa ba a ji ba.